Cutarwar da ba ta barin tabo

Tun zamanin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu da ya kafa garin Bauchi wajen 1809, alƙalanmu da littattafan Malikiyya suke yanke hukuncin aure: Risala, Mukhtasar na Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Bature ya zo ya bar su a kai. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe shari'a daga hannun sarakuna da En'e, a 2001 kuma gwamnatin Ahmadu Adamu Mu'azu ta ƙaddamar da Shari'a. Sunan kotu ya yi ta sauyawa, littattafan suna nan.

Lokacin da nake rubuta ƙara a kotu, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda malaman nan suka lissafa cutarwa. Ba su tsaya ga duka ba. Zagin mace da iyayenta, ƙaurace mata da magana, juya mata baya a shimfiɗa ba dalili, duk suna ba alƙali ikon raba auren ko miji bai yarda ba. Ba a ma buƙatar wanda ya gani da ido, idan maganar ta bazu a bakin maƙwabta.

Amma wa zai zo shaida? Mace ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wata uku bai amsa gaisuwata ba." Maƙwabcin da ya sani, sahu ɗaya suke da mijin a masallaci. Sai a ɗage zama, a nemi waliyyai, a sake ɗagewa. Ta gaji, ta ce za ta fanshi kanta. A lissafa sadaki, ta sayar da gado ko keken ɗinki ta biya hul'i, alhali da cutarwar ta tabbata ko sisi ba za ta mayar ba.

Ciyarwa kuwa gajeriya ce. Irin wannan rabuwa ba damar kome a cikinta, don haka mazauni kawai matar take da shi har idda ta cika, sai in tana da juna biyu. Kyautar sallama mustahabbi ce, ba a tilasta miji. Abin da alƙali ke yankawa duk wata kuɗin abincin yara ne, gwargwadon samun uba da tsadar kasuwa, kuma uban kan rantse cewa kasuwa ta mutu. Masu auren rajista kaɗai, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, Babbar Kotu ke iya yanka wa matar kuɗin kanta bayan rabuwa.