Ƙwaryar Goro da Hannun Jarin Obuasi

Mu 'yan Zangon Kumasi jikokin masu riƙe farashi a ka ne. A ƙarni na 19 Tonawa ba su cika barin fatake su shigo Kumasi sayen goro ba. A Salaga, can ƙasar Gwanja, ake haɗuwa, ayarin Kano da na Katsina su sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗaura wa jakuna goro su juya. Da Wolseley, jagoran sojan Turawa, ya ƙone Kumasi a 1874, sai Salaga ta fara dusashewa, basasar 1892 kuma ta tarwatsa 'yan kasuwarta zuwa Kintampo da Kete Krachi da Yeji. Bayan an kama Prempeh, sarkin Tonawa, a 1896, aka kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, ƙofar Kumasi ta buɗe, kakanninmu suka shigo suka kafa zango. Jirgin ƙasa ya iso a 1903.

Waɗannan mutane ba su ajiye littafin farashi ba, amma tambayi tsohon dillali nawa aka sayar da ƙwaryar goro, wato guda ɗari, shekarar da aka yi kaza, ka ji abin mamaki. Ba zai faɗa maka lamba tsirara ba. Sai ya gaya maka ko lokacin sabon goro ne, ko hanya a buɗe take, fari ne ko ja, sannan da wane kuɗi aka biya. Wannan na ƙarshen ya fi damunsu, domin sun sha wuya a kansa. Lokacin da Baturen matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da riyal guda na azurfa, daga nan darajar wuri ta yi ta zubewa har Turawa suka kawo fam da sule. A Gana fam ya ba sidi wuri a 1965, aka sake sabon sidi a 1967, a 1982 gwamnatin soja ta janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. Mutumin da ya ga wannan duka, in ka ce masa abu ya yi tsada, sai ya ce da wane mudu ka auna.

Tun da matasanmu na Aboabo da Asawase suka fara duba jadawalin farashin hannun jari a waya suna muhawara a fada wajen shan ataya, nake ganin wannan tambaya ta tsofaffi ce ta ɓace musu. Ga kuwa darasin a kusa da gida, kilomita wajen 60 kudu da Kumasi.

A 1897 wani Bature mai suna Edwin Cade ya kafa kamfanin Ashanti Goldfields a kan filin haƙar zinariya na Obuasi, wanda 'yan kasuwar Fante, Joseph Ellis da Joseph Biney, suka riga shi samu. A shekarar aka fara cinikin hannun jarinsa a Landan. Cikin 'yan shekaru zazzaɓin zinariyar Afirka ta Yamma ya kama Landan, aka kafa kamfanoni ɗaruruwa, yawancinsu suka mutu ba su haƙo abin kirki ba. Na Obuasi ya rayu. Kamfanin Lonrho ya saye shi a 1968, gwamnatin Acheampong ta karɓe kashi 55 cikin ɗari a 1972, Sam Jonah, ɗan Obuasi, ya zama shugabansa a 1986. Duk tsawon wannan lokaci 'yan arewa da 'yan zango suna shiga rami suna fitowa, farashin kamfanin kuwa ana rubuta shi a jaridun Ingila inda ba mai karantawa a cikinsu.

Kasuwar hannayen jari ta Gana ta fara ciniki a Akra ranar 12 ga Nuwamba 1990 da kamfanoni 11. Mutanenmu ba su kula ta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Cikin 'yan kamfanonin nan akwai na giya har uku, ɗaya ma sunansa Kumasi Brewery, ga na taba, ga banki mai cin ruwa. Alhajin da ya tara dukiyarsa a goro da shanu da motocin haya me zai kai shi can? Ga kuma dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta 1969, wadda ta koya wa zango cewa dukiyar da ba za ka iya ɗauka ka gudu da ita ba, aro ce.

Sai 1994, lokacin da gwamnati ta sayar da wani kaso nata na Ashanti Goldfields, aka sa kamfanin a kasuwar Akra da ta Landan a kan dala 20 kowane hannu. An ba kowane ma'aikaci hannu biyar kyauta, su wajen 10,000. Kawuna yana cikinsu, direba ne a Obuasi. Ya naɗe takardar a leda ya sa ta cikin adaka tare da takardun fili. A 1996 aka sa kamfanin a kasuwar New York, abin alfahari ga Gana duka.

Yanzu mu yi lissafi. A 1994 dala guda ta kusa sidi 1,000, don haka hannu ɗaya ya kama wajen sidi 19,000. A Afrilun 2004, da aka haɗe kamfanin da AngloGold na Afirka ta Kudu, aka ba masu jari hannu 29 na sabon kamfani a madadin kowane 100 nasu, wanda ya sa darajar tsohon hannu ta tsaya wajen dala 11. Dala kuwa a lokacin ta kai sidi 9,000. Ke nan hannun da yake sidi 19,000 ya doshi sidi 100,000. Kawu ya ji wannan a rediyo ya kira ni da murna: "Ɗana, takardar nan ta haihu, ta ninka biyar." Na ce, "Kawu, Allah Ya ƙara albarka, amma nawa ake sayar da buhun shinkafa a wancan lokaci, nawa ne yanzu?" Ya yi dariya, don ya gane kafin in rufe baki. A sidi jarinsa ya ninka biyar, a dala ya rasa kusan rabi, kuma lambobin biyu duk gaskiya ne. Bayan shekara uku, a Yulin 2007, aka yanke sifiri huɗu daga sidi, 10,000 ya koma guda. Wanda ya ɗauko tsohuwar jarida ya ga 100,000, ya duba sabuwa ya ga 10, zai rantse kamfani ya rushe, alhali kuɗin ne kawai aka sake wa suna.

Abin da ya cinye rabin nan shi ne ya fi cancanci a tsaya a kansa, domin layin jadawali ba ya faɗarsa. A ƙarshen shekarun 1990 farashin zinariya yana ta sauka, daga wajen dala 380 kowace oza a 1994 zuwa kusan 253 a tsakiyar 1999, bayan Ingila ta ce za ta sayar da wani ɓangare na zinariyar baitulmalinta. Don kare kansa, kamfanin Obuasi ya ƙulla yarjejeniya da bankunan waje, ya sayar da zinariya mai yawa tun tana cikin ƙasa a kan farashin da aka yanke, kamar manomin da ya karɓi kuɗin hatsinsa tun yana gona. Muddin farashi na faɗuwa, dabarar riba ce. Ranar 26 ga Satumba 1999 manyan bankunan Turai 15 suka sanar a Washinton cewa za su taƙaita sayar da tasu zinariyar. Cikin kwanaki oza ta haura dala 320. Yarjejeniyar da kamfanin ya ƙulla da bankunan waje ta juye ta zama asarar fiye da dala miliyan 500 a takarda, bankuna suka nemi a ajiye musu tsabar kuɗin jingina da kamfanin ba shi da su, hannun jarinsa ya zube fiye da rabi. Dole ya sayar wa AngloGold rabin mahaƙarsa ta Geita a Tanzaniya a 2000, hanyar da ta kai ga haɗewar 2004.

Duba abin da kyau: zinariya ta tashi, kamfanin zinariya ya faɗi. Yaron da ya jera farashin shekara biyar ya ja layi ya ce ga inda za a dosa, ba abin da zai hango masa wannan. Labarin yana cikin rahoton shekara na kamfanin, a shafukan da ba a son karantawa. Haka UT Bank, wanda yake cikin kasuwar Akra har Babban Bankin Gana ya soke lasisinsa a Agustan 2017, masu jari suka tashi da takarda.

Ban ce tsohon farashi ba shi da amfani ba. Da shi magada ke gane abin da mamaci ya bari in an tsinci takarda a adaka, da shi ake sanin ko farashin yau ya fita daga al'adarsa, da shi ake kama dillalin da ya faɗi son ransa. Sai dai a haɗa shi da ribar da kamfani ya raba a shekarun, don ita ba ta fitowa a layin farashi, a kuma binciki ko an sauya hannun da wani. Na Obuasi ma a kasuwar Akra iri biyu ne yau, akwai cikakken hannun AngloGold Ashanti, akwai kuma 'yar takardar da sai an tara 100 take zama hannu guda, kuma na ji masu rikita su.

Zango ya shiga wannan kasuwa sosai ne a 2018, da MTN Ghana ya sayar da hannun jari a kan pesewa 75, aka kuma yarda a biya ta kuɗin waya. Masu wake da shinkafa da 'yan tireda a unguwar Alabar sun saya ba su taka ofishin dillali ba. A Disamban 2022 hauhawar farashin kaya a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari. Duk wanda ya sayi na MTN a 2018 yake murnar lambar da yake gani yau, ya zauna ya mayar da farashin sayensa da na yau zuwa dala, ko zuwa buhun shinkafa, ya ƙara ribar da aka tura masa kowace shekara, kafin ya yanke shawarar sayarwa ko ƙarawa.