Marsandi a Nijar

Marsandi shi ne sunan da Hausawa ke kiran motocin kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus, mai hedkwata a birnin Stuttgart. An kafa kamfanin a 1926, bayan haɗewar kamfanin Daimler da na Karl Benz, mutumin da ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar motarsa mai amfani da fetur a 1886.

A Yamai, Marsandi ta daɗe tana nuna matsayin mai ita. Irinta ce ta riƙa sauke manyan baƙi a ƙofar otal ɗin Gaweye da ke bakin kogin Kwara, kusa da gadar Kennedy. Sai dai yawancin waɗanda ke hannun jama'a na hannu ne, an sauke su a tashoshin ruwan Kotonu da Lome, aka koro su ta hanya.

Samfurin W123, wanda ya fito a 1976, shi ya gina mata suna a Afirka ta Yamma. Injinsa na dizal ba ya gudu sosai, amma yana jure zafi da ƙura da ramuka, kuma makaniken unguwa na iya kwance shi ya mayar. Wannan darajar ta cancanta. Sababbin samfura kuwa cike suke da na'urorin kwamfuta, kayan gyaransu na da tsada, gurɓataccen mai kuma na saurin lalata su.

Ban da ƙananan motoci, manyan motocin kamfanin Marsandi ma sun yi shekaru suna ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku. A Najeriya, kamfanin ANAMMCO na Enugu ya riƙa harhaɗa irinsu.