Sunan Abokin Gaba: Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a Ma'aunin Ta'addanci

Duk shekara dubban matasa kan zauna jarrabawar shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA, kuma ɓangaren da ya fi cin dare a shirinsu shi ne na al'amuran yau da kullum. Ana haddace sunayen manyan hafsoshi, da sunayen farmakin da rundunoni ke kaiwa, da ƙasar da ta zo ta ɗaya a jerin waɗanda ta'addanci ya fi yi wa illa. Akwai kuwa tambaya guda da ba a cika bugawa a takardar jarrabawa ba, alhali ita ce matashin hafsa zai fara cin karo da ita ranar da aka tura shi kudancin Katsina: wane ne abokin gaba a nan, kuma da wane suna za a kira shi? A cikin shekara goma hukuma ta sauya masa suna sau uku, daga ɓarawon shanu zuwa ɗan bindiga zuwa ɗan ta'adda, kuma kowane suna ya zo da nasa magani.

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin yankin da tun da can ake kira Katsina Laka, ƙasar auduga da masara. Abin da ya sa suka zama fagen daga ya fi bayyana a taswira. Faskari na iyaka da Tsafe ta Jihar Zamfara, kuma babban titin Funtuwa zuwa Gusau ya ratsa ta ta Sheme da 'Yankara. Sabuwa na kallon Birnin Gwari ta Jihar Kaduna da dazuzzukan Kamuku da Kuyambana. Ƙanƙara kuwa tana bakin kudancin dajin Rugu, wanda ya miƙe tun daga wajajen Jibiya, ya bi ta Batsari, Safana da Ɗanmusa. Mai babur da ya san hanya zai iya taka jiha uku tsakanin magariba da asuba ba tare da ya hau kwalta ba, yayin da kowace jiha ke da nata gwamna, nata kwamishinan 'yan sanda da nata ra'ayi kan sulhu.

Shi kansa dajin Rugu yaƙi ne ya haife shi. Bayan jihadi ya kawar da sarautar Haɓe a Katsina a 1807, zuriyar da aka kora ta kafa sabon zama a Maraɗi, ta kuma ci gaba da neman komawa gida. A farkon shekarun 1840 Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗanmari ya sami goyon bayan garuruwan ƙasar Ruma, suka yi wa Sarkin Katsina Siddiƙu tawaye. An murƙushe tawayen, kuma horon da ya biyo baya ya yi tsanani har garuruwa suka watse, gonaki suka koma kurmi. Ta wannan kangon ne mayaƙan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗanbaskore, suka riƙa ratsowa suna kai hari cikin ƙasar Katsina da ƙetarenta. Ba a nufin 'yan bindigar yau magadan waɗancan mayaƙa ne, ko kusa. Abin lura shi ne wurin da hukuma ta kore mutane ta bar shi babu mai kula, ya zama mafakar masu kai mata hari har tsawon ƙarni.

Rikicin da ake ciki yanzu ya faro ne da satar shanu. Masanin tarihi Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a laccar da ya gabatar a 2021, ya bi sawun ƙungiyar 'yan bindiga ta farko zuwa yankin Ɗansadau na Zamfara a 2011, shekarar da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya kuma makamai suka malalo cikin Sahel. Makiyayan da aka cinye musu burtali da makiyaya, waɗanda kuma ke kukan ana tatsarsu a ofishin 'yan sanda da gaban alƙali, su ne na farko da aka riƙa sace wa dabbobi. Manoma da harin ya iso gare su sai suka kafa 'yan sa-kai, kuma 'yan sa-kai ba su cika bambance ɓarawo da Bafulatanin da ya zo cin kasuwa ba. Kowane kisa a kasuwa ya haifi ramuwa a ƙauye. A wannan mataki gwamnati na kallon lamarin a matsayin laifin sata, don haka maganinsa afuwa ce: a Janairun 2017 aka yi bikin miƙa makamai a garin Ƙanƙara a gaban Gwamna Aminu Bello Masari.

An ɗan sarara, amma ba a jima ba. Da shanu suka yi ƙaranci, sai aka gano mutum ya fi saniya tsada kuma ya fi sauƙin kora, domin da ƙafarsa zai bi ka daji, danginsa kuma su biya fansa ta waya. A Satumbar 2019 Masari ya sake fita rangadin sulhu a ƙananan hukumomi takwas na bakin daji, ya zauna da shugabannin dabobi a Ɗankolo ta Sabuwa da wasu wurare a Faskari. Hoton da aka ɗauka na gwamna da hafsan soja tsaye kusa da wani ɗan bindiga riƙe da AK-47 ya zagaye ƙasar nan. Kuskuren sulhun yana cikin tsarin abokin gabar: babu shugaba ɗaya da zai sa hannu kowa ya bi. Dabobi ne masu yawa, kowace da jagoranta, wasu ma ba sa ga maciji da juna. Idan ka sasanta da na yamma, na kudu bai san zancen ba. Zuwa tsakiyar 2020 gwamnan da kansa ya ce an ci amanarsa, kuma ba zai sake zama da su ba.

Ranar 9 ga Yunin 2020 aka afka wa ƙauyen Kadisau a Faskari, aka kashe gomman mutane. 'Yan sandan Katsina suka ɗora alhakin a kan Ado Aleru, suka sa ladar naira miliyan biyar ga wanda ya taimaka aka kama shi. Wata guda bayan haka, rundunar sojan ƙasa ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai ta kai bikin ranar sojoji na shekarar zuwa Faskari, inda ta kafa babban sansani na huɗu ta kuma ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity. Ya shiga jerin Harbin Kunama, Sharan Daji, Dirar Mikiya da Hadarin Daji, sunayen da ɗalibai ke haddacewa har yau. Babban sansani yana kare kansa da garin da yake ciki. Ƙauyen da ke nisan kilomita talatin, a bayan gulbi marar gada, sai labari ya iso da safe.

Watanni biyar bayan bikin Faskari, a daren Juma'a 11 ga Disambar 2020, ɗaruruwan 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai maza fiye da ɗari uku cikin daji a ƙafa. Shugaba Muhammadu Buhari na hutu a Daura a daren. Bayan kwana huɗu sai muryar Abubakar Shekau ta fito yana cewa mutanensa ne suka yi, saboda adawa da karatun boko. Nan take kafafen duniya suka haɗa Ƙanƙara da Chibok ta 2014, aka ce Boko Haram ta tsallako arewa maso yamma. Ranar 17 ga wata aka saki yara 344 a cikin Zamfara. Gwamnati ta ce ba ta biya ko sisi ba, rahotannin jaridu da dama kuma suka ce an biya.

Wanda ya shirya aikin ba ɗan Shekau ba ne. Auwalun Daudawa ne, tsohon mai satar shanu da fataucin makamai, wanda a hirar da ya yi da jaridar Daily Trust ya nuna cewa ya yi ne don ya nuna wa gwamnatin Katsina ƙarfinsa bayan ta rufe ƙofar sulhu. Akwai alamun ya yi hulɗa da mutanen Shekau, har bidiyon yaran ya fita ta hannunsu, amma binciken da James Barnett, Murtala Rufa'i da Abdulaziz Abdulaziz suka wallafa a farkon 2022 ya karkata ga cewa kowa ya yi amfani da ɗan'uwansa ne: Shekau ya sami suna, Daudawa ya sami abin tsoratar da gwamnati don farashi ya tashi. Mai aƙida ba ya sakin ganima cikin kwana shida. A Fabrairun 2021 Daudawa ya miƙa makamai a Gusau ya rantse da Alƙur'ani, a Afrilu ya koma daji, kafin watan ya ƙare abokan hamayya suka harbe shi a rikicin shanu. Shekau ma bai kai ƙarshen Mayu ba, ya mutu a Sambisa a hannun matsin ISWAP.

Darasin da sauran dabobi suka ɗauka daga Ƙanƙara na kasuwanci ne. A 2021 aka kwashi ɗalibai a Kagara, Jangebe, Afaka, Tegina da Birnin Yawuri. A watan Agusta 'yan bindiga suka shiga harabar NDA ɗin kanta, suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da guda. Gwamnatin Katsina ta mayar da martani da matakan da suka fi kama da takunkumin tattalin arziki: rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin bakin daji, hana sayar da man fetur a jarka, sai kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 daga Satumba, ciki har da waɗannan uku. Matakan sun takura ɗan daji na ɗan lokaci, amma sun kuma hana baƙauye kiran agaji.

A ƙarshen Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, aka buga hukuncin a jaridar gwamnati a Janairun 2022. Masu sharhi da yawa sun danganta gaggawar da jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da aka karɓo daga Amurka a 2021, bisa sharuɗɗan da suka shafi yaƙi da ta'addanci. Sabon sunan ya buɗe hanyar ruwan bama-bamai da tsauraran tuhume-tuhume. Bai sauya dalilin da ke sa yaro ɗan shekara sha biyar ɗaukar bindiga ba. Watanni shida bayan buga hukuncin, a Yulin 2022, aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulanin 'Yandoton Daji da rana tsaka, lamarin da ya sa gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi.

A nan ne ma'aunin duniya ke iya rikita ɗalibi. Rahoton ta'addanci na duniya da Cibiyar Nazarin Tattalin Arziki da Zaman Lafiya ta birnin Sidni ke fitarwa ya nuna a fitowarsa ta 2025 cewa fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a yankin Sahel suke. Burkina Faso ce ta ɗaya, Mali ta huɗu, Nijar ta biyar, Nijeriya ta shida. Cibiyar ta'addanci ta baro Iraƙi da Afganistan ta dawo maƙwabta, a hannun JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida da reshen IS na Sahel. Amma rahoton na ƙirga tashin hankalin da ke ɗauke da saƙon siyasa, addini ko aƙida ne. Kisan ramuwa da na neman fansa akasari ba sa shiga lissafi. Ke nan wanda kotun Abuja ta kira ɗan ta'adda, mai ƙididdiga a Sidni zai iya ajiye shi a sahun masu laifi, kuma mutanen da aka kashe a 'Yargoje ta Ƙanƙara, 'yan sa-kai 41 a Fabrairun 2023 da wasu gommai a Yunin 2024, ba lallai su motsa matsayin Nijeriya ko da taki ɗaya ba.

Wannan ba ya nufin masu aƙida ba sa kusa. Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, ta sake bayyana a dazuzzukan Birnin Gwari, ƙofar Sabuwa, tana wa'azi tana neman amincewar ƙauyawa, wani lokaci ma tana faɗa da 'yan bindiga don nuna ita ce mai kare talaka. A Agustan 2025 Nuhu Ribaɗu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya sanar da kama manyan jagororinta biyu. Lakurawa sun kafu a iyakar Sakkwato da Kebbi da Nijar. Haɗin kan tsaron iyaka kuma ya raunana tun juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, da janyewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris na shekarar. Abin da ya hana dajin Rugu zama Sambisa zuwa yanzu shi ne jagoran daba ba ya son shugaba a kansa, balle wanda zai hana shi ƙwaya da ganima.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya hau mulki a 2023 da alƙawarin ba zai roƙi ɗan bindiga sulhu ba. A Oktobar shekarar ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasa kusan 1,500 a zubin farko, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan da abin ya shafa. A ƙarshen 2024 hedikwatar tsaro ta haɗe farmakin arewa maso yamma ƙarƙashin suna ɗaya, Fansan Yamma. Duk da haka, a 2025 al'ummomi suka shiga ƙulla sulhu da kansu, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, daga Jibiya da Batsari har abin ya gangaro kudu, gwamnatin jiha na cewa ba ita ta kira zaman ba. A Satumba aka yi na Faskari a Hayin Gada. Shugabannin al'umma suka zauna a gefe guda, jagororin daji da bindigoginsu a kafaɗa a ɗaya gefen, ana maganar buɗe kasuwa, sakin waɗanda ke tsare da barin manomi ya shiga gona. Cikin waɗanda suka yi jawabi a wurin har da Ado Aleru, shekara biyar da wata uku bayan Kadisau.