Auwalu Hamisu Yadudu

Farfesa Auwalu Hamisu Yadudu lauya ne kuma malamin shari'a a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya yi fice a fannin tsarin mulki da shari'ar Musulunci. Ya karanta aikin lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya yi digiri na biyu da na uku a Jami'ar Harvard da ke Amurka. Ya taɓa zama mai bai wa Janar Sani Abacha shawara kan harkokin shari'a, muƙamin da ya fi fito da sunansa. Ya halarci Babban Taron Ƙasa na 2014 a Abuja, inda ya yi tsayin daka wajen adawa da yunƙurin fito da sabon kundin tsarin mulki. A 2016 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi.