Daga Kalaba zuwa Katsina: Yadda Ƙwallo Ta Shigo Ta Ƙofar Makaranta

Kwanan baya wani mahaifi ya tare ni a bakin lakwal ɗinmu a nan Korahane, ransa a ɓace. Ya ce, "Mushe, karatu na kawo yaron nan ya yi, ba bin balo ba." Ɗan nasa ya koma gida ne da yagaggen wando da kumburarren yatsa. Na ba shi haƙuri, amma a zuci murmushi nake, domin ƙorafin nan ya girme ni, ya girme shi. Shi ne abin da iyaye suka faɗa a Kalaba, can bakin teku a kudancin Najeriya, a shekarar 1902.

A wannan shekarar ce wani ɗan mishan mai suna James Luke ya sa ƙwallon ƙafa cikin tsarin karatun makarantar Hope Waddell, wadda ƴan mishan na Sikotilan suka buɗe a 1895 don horar da malamai da masu sana'ar hannu. Iyaye suka ce ɓata lokaci ne. Shi kuwa ya kafe cewa wasan yana gina jiki, yana kuma koya wa yaro haɗa kai da ƴan'uwansa.

Shekara biyu kacal bayan haka, a watan Yunin 1904, ƴan wasan makarantar suka kara da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle, suka cinye su 3 da 2. Wannan shi ne wasan ƙwallo na farko da aka rubuta labarinsa a Najeriya. A duba lokacin da kyau. A 1903 ne Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ba a cika shekara ba sai ga ƴan makaranta sun lallasa sojan ruwan Ingila a wasan da Ingila ta ƙirƙiro. Ba na cewa ramuwa ce. Kalaba daban, Burmi daban. Amma a zamanin da Bature ke ganin babu abin da baƙar fata zai fi shi, samun fili guda inda doka ɗaya ta hau kan kowa ba ƙaramin abu ba ne.

Waɗanda suka gama Hope Waddell suka bazu neman aikin akawu da koyarwa, da yawansu a Legas, suka tafi da wasan. Nnamdi Azikiwe ma ya zauna a makarantar, kuma shi ne ya kafa ƙungiyar wasanni ta Zik a 1938.

A ƙasar Hausa ma ta makarantar malamai aka bi. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, ita ce ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Turawan da ke koyarwa a can sun ɗauki wasanni tamkar darasi, sai dai abin da suka fi ji da shi shi ne kurket da ƙwallon bango, wanda suke kira fives, wasan ƴaƴan manya na makarantar Eton. Sardauna ya riƙe shi har bayan ya zama Firimiya, kuma har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. To amma kurket yana son kayan da sai an sayo, ƙwallon bango yana son gini. Malamin da aka tura ƙauye, me zai iya ɗauka? Ƙwallo guda da usur. Idan ta fashe a ƙulla tsumma. A ganina wannan ne ya sa wasan da Turawan suka fi ɗaukakawa ya tsaya a ƴan garuruwa, ƙwallon ƙafa kuwa ta shiga ko'ina. A 1953 ƙungiyar Kano ta ci kofin ƙasar gaba ɗaya, wanda aka fara da sunan Kofin Gwamna a 1945.

Ni ma da na fito makarantar horon malamai ta Maraɗi, ƙwallo na cikin jakata ranar da na kama aiki. Abin da ke damuna yau shi ne yaranmu sun haddace sunayen ƴan wasan Barcelona da Real Madrid, amma sai shekara ta ƙare ba su kara da wata makaranta ba, ko da ta Dakoro ce da ke kusa da mu. Lokacin wasa ya zama lokacin shara da ɗebo ruwa, kuma mu malamai ne muka bari.

Na ba mahaifin nan labarin Kalaba daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce yaro ya ci gaba da wasansa, amma in wando ya sake yagewa ni zan biya tela.