Harin WannaCry

WannaCry wata muguwar manhaja ce ta garkuwa da bayanai wadda ta afka wa kwamfutoci masu amfani da Windows a faɗin duniya a watan Mayu na shekarar 2017. Idan ta shiga kwamfuta sai ta kulle fayilolin da ke ciki, sannan ta nemi mai kwamfutar ya biya kuɗin fansa da Bitcoin kafin a buɗe masa su. Harin ya fara ne ranar Juma'a 12 ga Mayu, kuma cikin 'yan kwanaki hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta ƙiyasta cewa ya shafi kwamfutoci kusan 200,000 a ƙasashe 150. Masana tsaron intanet sukan kafa misali da shi idan suna bayani a kan haɗarin barin tsofaffin kwamfutoci a kan hanyar sadarwa ba tare da sabunta su ba.

Asali

Kwamfutocin Windows suna amfani da wata ƙa'idar sadarwa mai suna SMB wajen raba fayiloli da firinta a tsakaninsu a cikin ofis ɗaya. Zubi na farko na wannan ƙa'ida, wato SMBv1, tsoho ne ƙwarai, amma an ci gaba da barinsa a kunne a cikin Windows domin tsofaffin na'urori su iya magana da sababbi. A cikinsa ne aka samu wata kafa da ke bai wa mai kutse damar sarrafa kwamfuta daga nesa, ba tare da sanin sunan mai ita ko kalmar sirrinsa ba.

Makamin da ke amfani da wannan kafa ana kiransa EternalBlue, kuma ana danganta ƙirƙirarsa ga hukumar tsaron Amurka ta NSA. Wani gungun masu kutse da ke kiran kansa Shadow Brokers ya wallafa shi a intanet ranar 14 ga Afrilu, 2017, tare da wasu makamai irinsa. Wata ɗaya kafin nan, ranar 14 ga Maris, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe kafar, mai lamba MS17-010. Ke nan lokacin da harin ya zo, maganin ya kai kusan wata biyu da fitowa. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su saka facin ba, ko kuma masu riƙe da tsofaffin zubin Windows da kamfanin ya daina yi wa gyara.

Yadda take aiki

WannaCry ta haɗa abubuwa biyu. Na farko shi ne sashen da ke kulle bayanai. Yana bin takardu, hotuna, bidiyo da rumbunan bayanai yana kulle kowanne da makullin lissafi, sannan ya liƙa wa sunan fayil ɗin alamar WNCRY a ƙarshe. Daga nan sai wani jan allo ya bayyana da saƙo cikin harsuna 28, yana neman dalar Amurka 300. Saƙon ya ce kuɗin zai ninka zuwa dala 600 bayan kwana uku, kuma idan aka cika mako ba a biya ba, mutum ya yi asarar fayilolinsa ke nan.

Na biyu shi ne sashen da ke yaɗa ta, wanda masana ke kira tsutsa. Yawancin manhajojin garkuwa da bayanai sai mutum ya buɗe wata wasiƙar imel ko ya latsa wani adireshi kafin su shiga. WannaCry ba ta buƙatar haka. Daga kwamfutar da ta kama, takan riƙa lalube a kan layin ofis da kuma intanet tana neman wata kwamfuta da ƙofarta mai lamba 445 ke buɗe kuma ba ta da faci. Da ta samu sai ta kwafi kanta can, ta fara aikin daga farko. Wannan ne ya sa kwamfuta ɗaya tak da ta kamu ta isa ta durƙusar da asibiti ko masana'anta baki ɗaya cikin 'yan sa'o'i.

Ɓarnar da ta yi

Inda harin ya fi jan hankalin duniya shi ne hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS. Rahoton ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar, wanda ya fito a Oktoba 2017, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitoci 236 da ke Ingila sun shiga matsala, tare da ƙananan asibitocin unguwa 595. An ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, wasu asibitoci kuma suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Ma'aikata sun koma rubutu da biro da takarda. Babu wata cibiyar NHS da ta biya fansa, amma daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92, yawancinta kuɗin gyara da sabunta kwamfutoci.

A Sifaniya harin ya shafi kamfanin sadarwa na Telefónica. Kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa a Faransa, haka ma Nissan a garin Sunderland na Ingila. A Jamus, allunan da ke nuna lokacin tashin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn sun riƙa nuna saƙon neman fansa. FedEx a Amurka da ma'aikatar harkokin cikin gida ta Rasha su ma sun kamu. Duk da faɗin harin, abin da masu shi suka tara bai wuce dala 140,000 da 'yan kai ba, kuma an kwashe kuɗin daga asusun Bitcoin guda uku a watan Agusta na shekarar.

Dakatar da harin

Wani matashi ɗan Birtaniya mai binciken tsaron kwamfuta, Marcus Hutchins, wanda shekarunsa 22 a lokacin, ya lura cewa manhajar tana ƙoƙarin tuntuɓar wani dogon adireshin intanet da ba kowa ya mallake shi ba. Ya yi rajistar adireshin da kuɗi ƙasa da dala 11. Ashe an tsara manhajar ne ta yadda idan adireshin ya amsa, sai ta tsaya ba ta kulle komai ba. Wannan ya rage yaɗuwarta tun a ranar farko, ko da yake bai buɗe fayilolin waɗanda suka riga suka kamu ba. Microsoft kuma ya ɗauki matakin da ba a saba gani ba, ya fitar da faci kyauta ga Windows XP, Windows 8 da Windows Server 2003, duk da cewa ya daina tallafa musu.

Waɗanda ake zargi

A Disamba 2017 gwamnatocin Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa, ta hannun gungun masu kutse da ake kira Lazarus. A Satumba 2018 ma'aikatar shari'ar Amurka ta tuhumi wani ɗan ƙasar mai suna Park Jin Hyok da hannu a ciki. Koriya ta Arewa ta musanta zargin. Shugaban Microsoft, Brad Smith, ya soki al'adar hukumomin leƙen asiri ta ɓoye kafofin da suka gano a manhajoji don amfanin kansu, maimakon sanar da masu manhajar su toshe.

Batun tsofaffin na'urori

A kwanakin farko an fi ɗora laifin a kan Windows XP, wadda ta fito a 2001 kuma aka daina yi mata gyara ranar 8 ga Afrilu, 2014. Binciken kamfanin Kaspersky ya nuna cewa kusan kashi 98 cikin ɗari na kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu. A lokacin Windows 7 tana samun tallafi, facinta na nan kyauta, saka shi ne ba a yi ba. Saboda haka matsalar iri biyu ce: akwai na'urar da ta tsufa har babu mai yi mata faci, akwai kuma wadda ake iya gyarawa amma aka yi sakaci.

Dalilan da ke sa ma'aikatu riƙe tsofaffin kwamfutoci sanannu ne. Injin ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti ko injin masana'anta yakan yi shekara goma sha biyar ko fiye yana aiki, alhali kwamfutar da ke sarrafa shi an haɗa ta ne da Windows ta zamanin da aka saye shi. Wani lokaci manhajar lissafin kuɗi ko ta ajiyar kaya ba ta tashi a kan sabuwar Windows. Wani lokaci kuma ana tsoron kashe injin don saka faci, saboda aiki zai tsaya. A Agusta 2018 wani nau'in WannaCry ya tsayar da masana'antun kamfanin TSMC a Taiwan, bayan an haɗa wani sabon inji da layin kamfanin ba tare da an bincike shi ba, kuma ya tarar da kwamfutocin da ba su da faci.

Matakan kariya

Shawarwarin da hukumomin tsaron intanet suka bayar bayan harin sun shafi ƙananan ofisoshi da shaguna kamar yadda suka shafi manyan kamfanoni.

Matakin farko shi ne sanin abin da aka mallaka. Ana rubuta kowace kwamfuta, firinta, kyamara da na'urar rarraba intanet da ke ofis, da zubin manhajar da ke kanta, da ranar da tallafinta zai ƙare. Na'urar da aka manta da ita a wani lungu ita ce ba za a yi wa faci ba.

Na biyu shi ne saka faci da zarar ya fito. Microsoft yakan fitar da gyare-gyarensa a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma ana iya barin kwamfuta ta riƙa saukewa da kanta.

Na uku shi ne rufe abin da ba a buƙata. Ana kashe SMBv1, ana kuma toshe ƙofa ta 445 a katangar tsaro don kada a iso ta daga intanet. Tun daga ƙarshen 2017, sababbin zubin Windows 10 ba sa zuwa da SMBv1 a kunne yadda ake yi a da.

Na huɗu shi ne ware tsohuwar na'urar da ba za a iya rabuwa da ita ba. Ana cire ta daga intanet, a sa ta a wani sashen layi na daban, a hana karanta imel ko soka filas a kanta, sannan a tsara lokacin maye gurbinta a cikin kasafin kuɗi.

Na biyar shi ne ajiye kwafin bayanai. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Dole ne aƙalla kwafi ɗaya ya kasance ba a haɗe da layi ba, domin manhajar garkuwa tana kulle duk ma'ajiyar da ta tarar a jone. Ana kuma gwada dawo da bayanan lokaci-lokaci don tabbatar da cewa kwafin yana aiki. Hukumomin tsaro suna hana biyan fansa, domin babu tabbacin za a buɗe fayilolin, kuma kuɗin yana ƙarfafa masu laifin.

Idan kwamfuta ta tsufa har za a sayar ko a zubar da ita, ana goge ma'ajiyarta da manhajar da aka tanada don haka ko a fasa ta, domin share fayil kawai ba ya hana a dawo da shi.

Bayan harin

Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata manhaja mai suna NotPetya ta yi amfani da EternalBlue ɗin dai, ta fara daga Yukiren ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk kaɗai ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu, 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025, abin da ya sake jefa kwamfutoci masu yawa da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba cikin rukunin na'urorin da ba sa samun faci kyauta kamar da.