Malamin gona a yankin Funtuwa da Malumfashi: matsalolin aikin da yadda ake tunkarar su

Malamin gona shi ne ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin kai sakamakon binciken masana zuwa gonar manomi, ya kuma komo wa masanan da labarin abin da ya tarar a can. Aikinsa koyarwa ne da bibiya: ya nuna, ya tsaya a yi a gabansa, ya dawo bayan kwanaki ya duba. Ba shi da ikon tilasta wa kowa, domin gonar ba tasa ba ce, kuma idan shawararsa ta ɓaci, rumbun wani ne zai kwana ba hatsi. Daga wannan matsayi ne kusan dukkan matsalolin sana'ar suke tasowa.

Kudancin Jihar Katsina na daga cikin wuraren da aka fi daɗewa ana gwada wannan aiki a Nijeriya. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka akwai gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari. A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da ɗimbin malaman gona, kuma a zamaninsa ne masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gasawa, ta fita fili ta zama abin sayarwa saboda sabon iri da takin zamani mai rahusa. Daga baya shirye-shiryen raya noma na jihohi suka rungumi tsarin horo da ziyara, wanda Daniel Benor ya tsara wa Bankin Duniya: kowane malami yana da ƙauyukansa da ranakun zagayensa, yana kuma komawa ɗaukar horo duk bayan mako biyu. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar KTARDA ce ta gaji wannan aiki. Da kuɗin Bankin Duniya suka janye a shekarun 1990, babura suka tsufa, horon ya yi ƙaranci, waɗanda suka yi ritaya kuma ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba.

Manomin da ya ji amma bai yi ba

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin malaman gona shi ne an faɗa wa manomi, ya ce "to, Malam", sannan ya koma ya yi yadda ya saba. Sabon malami yakan fassara wannan da taurin kai ko jahilci, sai ya ƙara maimaita bayanin da ƙarfi. Tarihin auduga a wannan yanki ya isa ya hana shi saurin yanke hukunci.

Shekara da shekaru shawarar masana ita ce a shuka auduga da wuri, wajen tsakiyar Yuni, ita kaɗai a gona, a kuma yi mata feshi. Manoma kuwa sai Yuli suke shukawa. A farkon shekarun 1970, David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka bi diddigin al'amarin a yankin Daudawa. Abin da ya bayyana shi ne lokacin da ake so a shuka audugar ya zo daidai da lokacin noman firin gero da dawa, sa'ad da hannu ya fi ƙaranci a kowane gida. Magidancin da ya bar gonar abincinsa ciyawa ta ci don ya shuka auduga ya yi caca da cikin iyalinsa. Shawarar daidai take a gonar gwaji inda akwai leburori, amma lissafin manomin shi ne daidai a gidansa. Haka binciken Norman a ƙauyukan Zariya ya nuna cewa haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya, wanda ake yi wa kallon ci baya, dabara ce ta rage asara da kuma cin moriyar ƙarancin hannu.

Saboda haka gogaggen malami yana fara aiki da tambaya. Gonar gado ce, ko aro, ko haya? Wanda ya karɓi hayar gona ta shekara ɗaya ba zai kai mata amalanken takin gargajiya da wani zai ci amfaninsa baɗi ba. Gandu ce ko gayauna? Saurayin da ya halarci taron bita ba lallai ne ya kasance mai yanke shawara a gandun mahaifinsa ba. Mutum nawa ne ke aiki a gidan, kuma a wane mako kuɗi ke shigowa? Amsar waɗannan ita ke nuna ko abin da ya hana manomi rashin sani ne, ko rashin hali, ko rashin iko. Maganin kowannensu daban ne, kuma na farkon ne kaɗai bayani ke warkarwa.

Inda shakka ce matsalar, gani ya kori ji. A nan gonar gwaji take da amfani, matuƙar an yi ta a gonar manomin, da hannunsa, kusa da kunyoyin da ya shuka yadda ya saba. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 1992, ta yi suna da wannan hanya a noman masara. Sharaɗin shi ne a auna abin da aka girbe a ɓangarorin biyu a gaban jama'a, a kuma faɗi kuɗin da kowanne ya ci. Gonar gwajin da aka yi wa gata da kayan kyauta, aka ɓoye lissafinta, ba ta koya wa kowa komai, domin manoma sun san ba a irin yanayinsu aka noma ta ba.

Shawarar da ta fi ƙarfin aljihu

Masara ba ta yafe rashin taki. Tun bayan tashin farashin taki a 2022 da cire tallafin man fetur a Mayun 2023, shawarar a zuba buhu kaza a kowace kadada ta zama magana mai nauyi a kunnen ƙaramin manomi. Malamin da ya tsaya a kan adadin da ke cikin littafi, ko a yi duka ko a bari, yakan rasa masu saurare.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce jera shawarwari bisa tsadarsu, a fara da waɗanda ba sa cin kuɗi. Tazarar shuka, wadda ga masara aka fi ba da santimita 75 tsakanin kunya da kunya da 25 tsakanin rami da rami, aiki take ci kawai. Binne takin yuriya a gefen shuka maimakon watsa shi a sama yana hana wani kaso nasa bin iska ko ruwa. Yin firi a kan kari ya fi ƙarin taki a gonar da ciyawa ta rufe. Wanda takinsa bai kai ba, gara ya rage faɗin masarar ya ciyar da ita sosai, ya ba waken soya ko dawa sauran filin. A gonar da wuta-wuta ya kama, juya shuka zuwa waken soya ko auduga yana sa ƙwayoyinsa su tsiro su mutu ba tare da sun sami saiwar da za su maƙale ba, kuma manoman wannan yanki sun san noman amfanin biyu.

Amana, da abin da ke ɓata ta

Jarin malamin gona yarda ce, kuma abubuwa biyu suka fi cinye ta. Na farko shi ne rabon kaya. Duk lokacin da aka sa shi rubuta sunayen waɗanda za su sami taki mai rahusa ko rance, kamar yadda aka gani a shirye-shirye irin na ba da lamuni ga manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a 2015, sai ya tashi daga mai koyarwa ya koma mai rabo a idon jama'a. Waɗanda suka samu za su zo taronsa don kaya, waɗanda suka rasa kuma za su ɗauke shi ɗan koren 'yan siyasa. Idan ba makawa sai ya yi, kariyarsa ita ce a karanta sharuɗɗa da sunaye a bainar jama'a, gaban mai unguwa, kuma kada ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Na biyu shi ne alaƙa da masu shagon magani da iri. Albashi kaɗan ne, kuma la'adar da dillali zai bayar a kan kowace kwalba jarraba ce ta gaske. Amma ranar da maganin ya ƙi aiki, manomi ba zai tuna sunan kamfani ba, sunan wanda ya ba shi shawara zai tuna. Ka'idar aikin ita ce malami ya faɗi sunan sinadarin da ma'auninsa da lokacin feshi, ya bar manomi ya zaɓi shago. Wannan ya ƙara muhimmanci tun bayyanar baƙuwar tsutsar nan mai cin ƙoƙon masara a 2016, wadda ta sa feshi ya yawaita. Illar ganganci da magani kuma ba ta tsaya a gona ba: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, alhali buhun nan mai ruɓi uku da ke hana iska shiga yana adana wake ba tare da magani ba.

Akwai kuma batun shekaru. Matashin da ya fito daga kwalejin noma zai tsaya gaban dattijon da ya yi damina hamsin yana huɗa. Gyara a gaban mutane yana rufe ƙofa. Gaisuwa cikakkiya, da fara tambayar "Baba, yaya kuka saba yi a nan?", da neman a ba shi kunya biyar kawai ya gwada, sun fi doguwar lacca tasiri.

Wa ake kaiwa gare shi

Ma'aunin da aka fi ambatawa shi ne malami ɗaya ga manoma 800 zuwa 1,000, kuma an daɗe ba a kusanci wannan ba a mafi yawan jihohin Arewa. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta sanar da ɗaukar malaman gona 722, wato biyu ga kowace gunduma daga cikin 361 na jihar. Adadin ci gaba ne, sai dai amfaninsa ya dogara ga man babur da horo na kai a kai daga cibiyoyi irin su NAERLS da ke Zariya, waɗanda su ne suka fara yankewa a wancan karon.

Ƙarancin ma'aikata ne ya haifar da dabarar zaɓen manomi guda a ƙauye ya zama tsani zuwa ga sauran. Rauninta sananne ne tun zamanin shirin Funtuwa, wanda masu nazari suka soka da fifita manyan manoma: wanda ake zaɓa yakan zama mai hali, mai gona a bakin titi, wanda ya iya karɓar baƙo. Abin da ya yi aiki a gonarsa ba lallai ya yi a ta maƙwabcinsa mai kadada ɗaya ba. Makarantar manoma a gona, wadda Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a Indunusiya a 1989, ta rage wannan matsala, domin rukuni ne na mutum ashirin zuwa talatin ke haɗuwa duk mako a gona ɗaya tun daga shuka har girbi, su duba, su yi muhawara, malamin yana jan ragama kawai.

Mata su ne aka fi bari a baya. Da yawansu suna da gonaki da suke nomawa ta hannun 'yan ƙodago, su ne kuma ke riƙe da kiwon awaki da kaji da sarrafa waken soya da gyaɗa, amma namiji baƙo ba ya shiga gidan kulle. Ba a warware wannan sai da malamar gona mace, da taron da aka shirya a cikin gida da izinin masu gida.

Matsalar da ba ta cikin kowane littafin horo ita ce ta tsaro. A sassan Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ƙanƙara da Bakori, hare-haren 'yan bindiga sun sa an bar gonakin nesa a shekarun baya-bayan nan, kuma ma'aikacin gwamnati a kan babur abin hari ne. Malaman da ke aiki a irin waɗannan wurare sukan mayar da haɗuwa zuwa ranar kasuwa ko cikin gari, su dogara da waya da saƙon murya na WhatsApp, manomi ya turo hoton ganye a duba. Hoto yana nuna tsutsa, amma ba ya nuna danshin ƙasa ko zurfin da aka binne taki, shi ya sa shawarar waya ta fi aminci ga gonar da malamin ya taɓa takawa. Abin da manomi ke buƙata ma ya sauya: wanda ya koma ƙaramar gona a gefen gari yana neman iri mai saurin nuna, kuma a wasu ƙauyukan an fi son gajeren amfani irin wake da waken soya kusa da gidaje, saboda dawa da masara idan suka yi tsawo suna ba maharan wurin ɓuya.